Gwanjon kati: gwanjon da babu araha a cikinsa

A Sakkwato in ka ce "gwanjo", abin da zai fara faɗo wa mutum a rai shi ne dilar tufafi da aka kwance a bakin kasuwa, ana tsinta, ana ɗagawa, ana duba wuya da hammata. Kayan gwanjo a wurinmu kayan araha ne. Shi ya sa ranar da ɗan ƙanena ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baba, dubi katin da aka sa a gwanjo," na zaci abin naira ɗari biyu zan gani. Kakarsa ma ta leƙo ta ce, "Wanga ɗan kwali, mi za a yi da shi?"

Ma'anar gwanjo ta asali ita ce a fito da kaya gaban jama'a, kowa ya yi tayi, wanda ya fi kowa a sallama masa. Wannan tsohuwar ma'anar ce ta dawo ta intanet. Katin da ake nufi kuwa ba na karta ba ne, ba na waya ba. Ɗan kwali ne da bai kai tafin hannu ba, ɗauke da hoton ɗan wasa ko wata halitta ta zane, wanda ake bugawa don a tara a ajiye. Al'adar ta daɗe a Amurka. Tsakanin 1909 da 1911 kamfanin American Tobacco yana saka hotunan 'yan wasan besbol a cikin kwalin sigari, kuma katin ɗaya daga cikinsu, Honus Wagner, na wancan zubin har gobe yana cikin mafi tsada a duniya, don kaɗan aka buga. Pokémon, wasan halittun zane, ya fito da nasa a Japan a 1996. Masu son ƙwallon ƙafa kuma sun san Panini na Italiya, mai buga hotunan gasar cin kofin duniya tun 1970.

Kuɗin da ake zubawa sai ka riƙe baki. A watan Agusta na 2022 gidan gwanjo na Heritage ya sayar da katin ɗan wasan besbol Mickey Mantle na 1952 a kan dala miliyan 12.6. Logan Paul, ɗan YouTube ɗin nan, ya mallaki wani katin Pokémon mai suna Pikachu Illustrator a 2021 a cinikin da ya haura dala miliyan biyar. Amma kada wannan ya ruɗi kowa, irin waɗannan ƙwara nawa ne? Mafi yawan katunan da ke yawo ba su kai kuɗin buhun shinkafa ba.

Inda maganar take da nauyi shi ne maki. Wanda ya taɓa sayen rago a Kara ya san ba a tayi sai an buɗe baki an ga haƙora, an taɓa gadon baya, an sa shi ya taka. A intanet babu wannan, hoto kawai kake gani. Sai aka samu kamfanoni da aikinsu ke nan, su karɓi kati, su tabbatar ba jabu ba ne, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin kwanson roba mai lamba wanda ba ya buɗuwa sai an fasa. PSA, wanda ya fara a 1991, shi ne ya fi suna. Akwai Beckett da SGC da CGC. Abu huɗu suke dubawa: ko hoton ya zauna a tsakiya, ko kusurwoyin na nan da tsininsu, ko gefen ya ɗaye, ko fuskar ta karce. Kati biyu iri ɗaya, bugu ɗaya, wannan ya samu 9 wancan 10, sai ka ga farashin na biyun ya ninka na farkon sau da yawa, a kan wani ɗan tabo da ni da kai ba za mu gani ba sai da gilashin ƙara girma. A gaskiya rabin abin da mutum ke saya lambar nan ce ta jikin kwanson.

Su ma masu makin ba ma'asumai ba ne. Katin farko da PSA ya ba maki wani Wagner ne da ya samu 8, daga baya dillalin da ya taɓa riƙe shi, Bill Mastro, ya amsa cewa ya datse gefensa don ya yi kyau. A 2015 kotu a Amurka ta ɗaure shi wata 20 kan maguɗin gwanjo.

Maguɗin nan ba baƙo ba ne a kunnen wanda ya zauna gaban malami a zaure. Shi ne najashi: mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don kawai ya tunzura wani ya ƙara. Hanin yana cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim. Gwanjon kansa jumhurin malamai sun halatta shi, bakin ƙarya da ake sakawa a ciki ne haramun. A Kara ko ba komai kana iya lura da wanda ke ƙyafta wa dillali ido. A intanet mai kaya zai iya buɗe asusu na biyu da wani suna ya riƙa tura ka, kai kana can kana zufa.

Yadda ake tayin babu wuya. Ka yi rajista, ka rubuta iyakar abin da za ka iya biya, na'ura ta riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan duk lokacin da wani ya wuce ka, har ta kai iyakar. A eBay, kasuwar intanet, galibi lokaci na cika an rufe, shi ya sa gwanaye ke laɓewa sai saura daƙiƙoƙi su jefa nasu. A manyan gidaje irin Goldin kuwa, tayin ƙarshe yana ƙara wa agogo lokaci, a yi ta ja har kowa ya gaji. Da yake da dare agogon Amurka ake rufewa, a nan sai ya faɗo tsakar dare zuwa gab da asuba. Wani kayan kuma mai shi ya ɗaure masa farashi a ɓoye. In tayi bai kai ba, "albarka" ke nan. In kuma ka ci, babu "bari in je in dawo", biya ya wajaba.

Sai la'ada, wadda sabon shiga ke mantawa da ita. Gidajen gwanjo na ɗora wa mai saye kusan kashi 20 cikin 100 a kan tayinsa, wasu ma sun haura. Ka ci kati a dala 100, takarda ta zo da 120, ba a yi maganar kuɗin aikowa da inshora da kwastan ba, balle canjin dala. Masu sayarwa da yawa ma ba sa aikowa Nijeriya kai tsaye, sai mutum ya nemi ɗan'uwa a Amurka ko Ingila ya karɓa masa.

Ɗan ƙanen nawa dai ya lissafa duk wannan a bayan littafinsa, ya ga katin Messi da yake hange ya fi ƙarfin aljihunsa nesa ba kusa ba. Wanda yake da shi guda ɗaya ne, marar maki, wani abokinsa ya kawo masa tsaraba. Ya mance shi a aljihun mota wuni guda cikin zafin watan Afrilu, da ya ɗauko ya tarar ya lanƙwashe kamar ganyen da aka shanya. Yanzu yana ƙarƙashin tulin littattafan kakansa, ana jiran ya miƙe.