Taya na juyawa, mota na tsaye: amsoshi kan tashin tsofaffin motocin tseren Amurka

Tambayoyin nan na amsa su har bakina ya gaji, don haka ga su wuri guda. Maganar tsofaffin motocin Amurka masu manyan injina ake yi, irin su Chevelle, GTO, Camaro, Charger da Mustang na shekarun 1960 zuwa farkon 1970, a tseren miƙaƙƙen layi na kwatan mil, wato ƙafa 1,320.

In ƙara wa injin ƙarfi?

A'a. Ƙarfin da kake da shi ma bai kai ƙasa ba, hayaƙi yake zama.

Ta yaya zan san tashina ya gyaru?

Dubi takardar da ake miƙa maka bayan ka gama gudu. Akwai lokacin ƙafa 60 na farko a jiki, shi ne alƙali. Kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa da ka rage a nan yakan fi haka yawa a ƙarshen layi. Kada ka zo mini da "na ji kamar ta fi tashi". Kawo takarda.

Me ya sa tayar dama ce kullum ke sulɓewa?

Juyin farfela ne ke murɗa aksul, ya sauke nauyi daga kan tayar dama. In giyar bayanka ba mai kulle ƙafa biyu ba ce, ƙarfin duk can zai tsere. Chevrolet na kiran nasu Positraction, Chrysler Sure-Grip, Ford kuma Traction-Lok. In ba ka da ɗaya daga ciki, fara da shi.

Bayan motar na tsalle da rawa da zarar na taka totur. Me zan saya?

Da farko, in ta fara wannan tsallen, ɗage ƙafarka nan take. Na ga wanda ya dage, aka ji ƙara ɗaya, sai ga farfela a ƙasa tana birgima, mai na tsiyaya daga giyar baya.

Abin da za ka saya kuwa ya danganta da abin da ke ƙarƙashin motar, kuma ko a nan ba zan yi maka alkawari ba. In Camaro ce, ko Nova, Mustang ko Charger, sifirin ɗinka na falle-falle ne. Aksul na ƙoƙarin juyawa, sifirin ya lanƙwashe, ya saki, ya sake lanƙwashewa, shi ne tsallen. Tsofaffin sandunan da ake ɗaurewa a ƙarƙashin sifirin, masu ƙullin roba a baki, suna aiki, in dai robar na taɓa daidai idon sifirin na gaba. In ta bugi tsakiyar falle, lanƙwasa shi za ta yi. CalTracs, wasu sandunan masu irin wannan aiki na kamfanin Calvert, sun fi saurin saiti, amma ba za su raya sifirin da ya mutu tun shekara talatin ba. Masu Charger da Road Runner sau da yawa sifirin ɗin Super Stock da ƙullin robar da ke saman hancin giyar baya sun ishe su.

Chevelle da GTO daban ne: sifirin mai naɗi, da hannuwa huɗu masu riƙe aksul. A nan galibi bushin ne suka ruɓe, ko hannuwan ƙasa ke lanƙwasa. A canja bushin, a sa hannuwa masu ƙwari, wasu su ƙara jakar iska a cikin sifirin na dama. Amma in an ɗaga bayan motar fiye da kima don ado, duk wannan na iya tashi a banza. Sai kusurwar hancin giyar baya: mai sifirin falle yakan so hancin ya sunkuya kamar digiri 4 zuwa 6, mai hannuwa huɗu ƙasa da haka. Wani lokacin kuma shoka ce kawai ta mutu. Shi ya sa nake cewa ka shiga ƙarƙashin motar da fitila kafin ka taɓa aljihu.

Na canja abubuwa biyar, ta ƙara lalacewa.

To wa ya aike ka? Abu ɗaya ake canjawa, a gudu, a rubuta. Kwantar da hankalinka, ba ka ɓata komai ba. Mayar da su yadda suke, ka bi ɗaya bayan ɗaya.

Iska nawa zan sa a taya?

Tayar tsere marar zane, irin ta Mickey Thompson ko Hoosier, fara daga fam 12 zuwa 14, ka riƙa rage rabin fam a kowane gudu. Radiyal ta tsere ta fi son iska, wajen 18. In motar ta fara lilo a ƙarshen layi, to iskar ta yi kaɗan ke nan.

In shiga ruwan da ake zubawa kafin bakin layi, in ƙona taya don ta yi zafi ta kama ƙasa?

Da tayar titi, kewaye ruwan. Zanenta na kwaso shi, ya ɗiga a bakin layi, ka cuci kanka, ka cuci na bayanka.

Gaban motar fa?

Shoka mai 90/10, wato mai saurin miƙewa da jinkirin komawa, na barin hanci ya ɗaga da sauri, nauyi ya koma baya. Ta filin tsere ce, kada ka hau titi da ita. Batir kuma mayar da shi but, gefen dama, amma dokar NHRA, hukumar da ke kula da irin wannan tseren a Amurka, ta ce sai da makunnin kashe wuta a bayan mota. In babu shi, masu duba motoci za su mayar da kai tun daga bakin shiga.