Waɗanda Suka Ɓoye Yahudawa a Zamanin Hitler: Amsoshin Tambayoyin da Ake Ta Maimaita Mini

Tun da na fara magana a kan mutanen da suka ceci Yahudawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke dawo mini, wasu don neman sani, wasu don neman gardama. Na tara su a nan, kuma ina roƙon mai tambaya ya karanta har ƙarshe kafin ya sake aiko da wata.

Daga me aka cece su?

Daga kisa. Gwamnatin 'yan Nazi ta Jamus da masu taya ta sun hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6 kafin yaƙin ya ƙare a 1945. Wanda yake musun wannan, sauran amsoshin ba za su amfane shi ba.

Wa ke tantance wanda ya yi ceto?

Cibiyar Yad Vashem da ke Birnin Ƙudus, wadda majalisar dokokin Isra'ila ta kafa a 1953 don tunawa da Yahudawan da 'yan Nazi suka kashe. Tun daga 1963 akwai kwamiti a ƙarƙashin alƙali daga Kotun Ƙolin ƙasar da ke duba shaidu. Wanda ya cika sharuɗɗa ana ba shi laƙabin Salihan Al'umman Duniya, da lambar yabo, da takardar shaida, a kuma rubuta sunansa a bango. Da farko bishiya ake dasa wa kowane ɗaya, har fili ya ƙare.

Ba Oskar Schindler ne mafi girma a cikinsu ba?

Ku daina jera su kamar masu gasa. Schindler, ɗan kasuwa Bajamushe, ya tsirar da ma'aikata Yahudawa kusan 1,200 a masana'antarsa, kuma ba na rage masa komai. Amma ku ji labarin Józef Ulma da matarsa Wiktoria, manoma a ƙauyen Markowa na ƙasar Poland, inda Jamusawa suka sanya hukuncin kisa tun Oktoban 1941 a kan duk wanda ya ba Bayahude mafaka. Sun ɓoye mutum 8 a gidansu. A ranar 24 ga Maris, 1944, 'yan sandan Jamus suka zo suka harbe Yahudawan, suka harbe Józef da Wiktoria tana da tsohon ciki, sannan suka kashe 'ya'yansu 6. Babu ko ɗaya daga waɗanda suka ɓoye da ya rayu, amma an karrama Józef da Wiktoria a 1995, domin abin da ake aunawa shi ne abin da mutum ya sa a kan hatsari, ba yawan waɗanda suka tsira ba.

Akwai Musulmi a cikinsu?

Akwai, kuma yana ba ni takaici yadda ake yin wannan tambaya kamar ana sa ran jin a'a. A Albaniya iyalai da dama, galibinsu Musulmi, sun ɓoye Yahudawa bisa al'adarsu ta besa, wato riƙon amana da cika alkawari ga baƙo. A Sarajevo, babban birnin Bosniya, Mustafa Hardaga da matarsa Zejneba sun sauki iyalin Kavilio, waɗanda Yahudawa ne, a gidansu bayan bam ya rushe nasu a 1941. An karrama su a 1984, kuma da yaƙi ya ci Bosniya, sai aka fitar da Zejneba da iyalinta zuwa Isra'ila a 1994. Selahattin Ülkümen, ƙaramin jakadan Turkiyya a tsibirin Rhodes, ya ƙwato Yahudawa fiye da 40 daga hannun Jamusawa a 1944. A jikin lambar yabon an rubuta maganar Talmud, littafin koyarwar malaman Yahudawa, cewa wanda ya ceci rai ɗaya kamar ya ceci duniya ne baki ɗaya, kuma duk wanda ya yi karatun allo ya san ma'anar nan tana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 32.

Idan mutum ya karɓi kuɗi daga waɗanda ya ɓoye, shin ana ƙidaya shi mai ceto?

Wannan ce tambayar da ba zan amsa da kalma ɗaya ba. A rubuce sharaɗin a bayyane yake: dole ya zama ba Bayahude ba, ya sa ransa ko 'yancinsa ko matsayinsa cikin hatsari, ya yi ba don neman lada na kuɗi ba ko don ya sauya wa wanda ya ceta addini, sannan a sami shaidar wanda aka ceta ko takardu tabbatattu. Amma a aikace lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Wanda aka ɓoye ba shi da katin rabon abinci, saboda haka duk lomar da zai ci sai an sayo ta a kasuwar bayan fage da tsada, kuma talakan manomi da ke ciyar da mutum huɗu a rami ƙarƙashin rumbunsa har shekara biyu ba zai iya shi kaɗai ba. Idan baƙinsa suka miƙa masa zobe ko 'yan kuɗin da suka rage don a sayo dankali, wannan taimakon ɗawainiya ne, kuma yawanci ba ya hana karramawa. Abin da ke hanawa shi ne a mai da ceto kasuwanci, a gindaya kuɗi a matsayin sharaɗin zama. A ganina, babbar alamar da ke raba su biyun ita ce abin da ya faru ranar da kuɗin suka ƙare. An sami waɗanda suka kori baƙinsu ko suka miƙa su ga Jamusawa a wannan ranar, an kuma sami waɗanda da farko kwaɗayi ne ya ja su, amma da aljihu ya bushe suka ci gaba da ɓoyewa da ciyarwa har yaƙi ya ƙare. Irin waɗannan na biyu su ne ke wahalar da mai hukunci, kuma ba zan ce duk wanda ya duba lamarinsu zai yanke iri ɗaya ba. Ƙara da cewa mai ba da shaida sau da yawa yaro ne a lokacin, bai san abin da iyayensa suka biya ba, ko kuma tsoho ne da godiya ta rufe masa wasu abubuwa. Haka kuma masuntan Denmak da yawa sun karɓi kuɗin jirgi a Oktoban 1943 lokacin da suka tsallakar da Yahudawa fiye da 7,000 zuwa Suwidin, kuma ni dai ba zan iya kiran aikinsu banza ba. Shawarata ga iyalin da ke son gabatar da kakansu ita ce kada su ɓoye maganar kuɗi idan akwai ta. Su faɗi nawa ne, don me, da abin da ya biyo baya, domin idan ta fito daga bakin wani, ita za ta ɓata sauran shaidar.

Wanda aka ƙi karramawa, labarinsa ƙarya ne ke nan?

A'a, ka kwantar da hankalinka. Khaled Abdul-Wahab na Tunisiya ya ɓoye Yahudawa a gonarsa kusa da Mahdia lokacin mamayar Jamus, aka gabatar da sunansa a 2007, kwamiti ya ƙi bisa hujjar cewa ransa bai shiga hatsari ba. Ba a ce bai yi ba. Ni kaina ina ganin an tsaurara masa.

Wace ƙasa ce ta fi yawa?

An karrama mutum fiye da 28,000. Poland tana da sama da 7,000, Holan kusan 6,000, Faransa sama da 4,000. Amma kada kowa ya ɗauki wannan a matsayin sikelin kirkin ƙasashe. Holan, duk da yawan sunayenta, ta rasa kusan kashi uku cikin huɗu na Yahudawanta, ita kuwa Denmak sunayenta 'yan kaɗan ne domin 'yan gwagwarmayarta sun nemi a tuna da su a dunƙule. Jerin yana nuna waɗanda aka sami mai yi musu shaida ne kawai, kuma inda aka kashe mai gida da baƙinsa a dare ɗaya, sau da yawa babu wanda ya rage ya faɗa.

Me zai sa mu damu da wannan alhali ga halin da Falasɗinawa ke ciki?

Ciwon Falasɗinawa gaskiya ne kuma ba na neman kowa ya yi shiru a kansa, amma yarinyar da aka ɓoye a 1942 ba ta zalunci kowa ba. Dokta Mohammed Helmy, likita ɗan Masar mazaunin Berlin, wanda 'yan Nazi suka taɓa tsarewa shi kansa, ya ɗauki wata budurwa Bayahudiya mai suna Anna Boros, ya sa mata mayafi, ya kira ta Nadia, ya ce 'yar uwarsa ce Musulma, daga baya ya ɓoye ta a wata bukka a unguwar Buch har yaƙi ya ƙare. Ya rasu a 1982. A 2013 ya zama Balarabe na farko da Yad Vashem ta karrama, danginsa a Alƙahira suka ƙi karɓa saboda daga Isra'ila ta fito. Sai a 2017 wani ɗan uwansa, Dokta Nasser Kotby, ya je Berlin ya karɓi lambar, 'yar Anna tana cikin waɗanda suka halarta.