Tafiyar Hawainiya Ba Ta Hana Motar Ɗaga Kaya Kisa

Ma'aikata da yawa a manyan ɗakunan ajiya sun daɗe suna ɗauka cewa motar ɗaga kaya, wato fokilif, ba ta da haɗari tunda a hankali take tafiya. Wannan kuskure ne mai cin rai. Motar da ke ɗaga tan 2.5 ita kanta takan kai kusan tan 4, saboda dunƙulen ƙarfen da aka dasa a bayanta domin ya rinjayi kaya, don haka ko tana rarrafe ta matse mutum da bango, ƙashi ba ya jurewa. Kuma da tayoyin baya take juyawa, shi ya sa bayanta kan share wanda yake tsaye a gefe yana zaton ya kauce.