Bayan saki, wa ke da riƙon 'ya'ya?

A Zariya mun taso muna jin cewa idan aure ya mutu, da zarar an yaye yaro sai a mai da wa uba ɗansa. Masu faɗa da zuciya ɗaya suke yi, haka suka taras.

Amma a mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a ke bi, riƙo na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji. Idan uwar ta sake aure, riƙon kan koma hannun mahaifiyarta. Ci da sutura kuwa suna wuyan uba, ko a ina yaron yake.

Ku duba babin idda da ciyarwa a Risala, ko ku tambayi malamin zaure. Don Allah a tura wa 'yan'uwa.