Ɗaukar Nauyin Dokin da Aka Ceto Ba Sayensa Ba Ne

An daɗe ana zaton duk wanda ya ɗauki nauyin doki a gidan ceton dabbobi na ƙungiyar sa-kai ya zama mai dokin, ko yana da kaso a cikinsa. Ba haka abin yake ba. Dokin na ƙungiyar ne, kai ɗawainiya kawai ka ɗauka.

Ɗawainiyar kuwa ba ƙarama ba ce. Doki mai nauyin kilo 500 yakan ci busasshiyar ciyawa wajen kilo 10 a rana. Ana gyara masa kofato duk mako 6 zuwa 8, ga duba haƙora, ga rigakafi, kuma yakan kai shekara 25 zuwa 30 a duniya. Wanda aka tsinto haƙarƙari duk a waje ma ba a tula masa hatsi, don hakan na iya kashe shi. Kaɗan-kaɗan ake ba shi ciyawa har jikinsa ya dawo.

Batun hawa, gara a cire rai, da yawansu tsufa ko gurgunta ce ta kai su can. Abin da kan iso maka shi ne hoto da labarin lafiyarsa, wani lokaci izinin ziyara. Sau da yawa ma mutane da dama ke haɗa hannu kan doki ɗaya.