Mazaɓar Caithness da Sutherland: kujerar da aka taɓa ci da ƙuri'a shida

A can ƙuryar arewacin Skotland, inda tudun Birtaniya ya ƙare ya bar wa teku wuri, akwai wata mazaɓar karkara da ta yi shekara 79 tana tura wakili Majalisar Wakilai a Landan, daga 1918 zuwa 1997. Mutum shida kacal suka hau kujerarta a tsawon wannan lokaci, amma kusan kowannensu da irin labarinsa.

Ina ne wannan wuri, kuma su wa ke zaune a can?

Gundumomi biyu ne maƙwabtan juna. Caithness ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai noma da kamun kifi, manyan garuruwanta Wick da Thurso. Sutherland kuwa duwatsu ne da fadamu da tumaki, sai ƙananan garuruwa a bakin teku irin su Dornoch da Golspie da Brora. Faɗi kamar me, mutane kuwa kaɗan. Ɗan takara kan yi doguwar tafiya a siririyar hanya don kawai ya gaisa da gidaje goma.

Ƙarancin jama'ar Sutherland ba haka Allah ya bar shi ba, da hannun mutane a ciki. A farkon ƙarni na 19 masu mallakar ƙasa, musamman gidan sarautar Sutherland, suka tashi ƙananan manoma daga kwaruruka irin su Strathnaver don su zuba tumaki, saboda ulu ya fi kuɗin hayar talaka riba. Wasu aka tura su gaɓar teku, wasu suka yi ƙaura zuwa Kanada. Wannan tabon bai warke ba, kuma ya daɗe yana bin siyasar yankin.

Me ya sa aka haɗe gundumomin a 1918?

Kafin nan kowace gunduma da nata wakili, garuruwa irin su Wick da Dornoch kuma suna cikin wata mazaɓar birane ta daban. Dokar zaɓe ta 1918 ta bai wa duk namijin da ya kai shekara 21 ƙuri'a, da matan da suka haura 30 bisa wasu sharuɗɗa, sannan aka sake raba mazaɓu gwargwadon yawan jama'a. Gundumomin biyu ba su da mutanen da za su riƙe kujera ɗai-ɗai, sai aka gama su. Wanda ya fara wakiltarsu shi ne Leicester Harmsworth na jam'iyyar Liberal, wanda dama yake riƙe da Caithness tun 1900, ƙanin attajirin nan da ya kafa jaridar Daily Mail.

Wane ne ya fi shahara a cikinsu?

Archibald Sinclair, ba tantama. Ɗan gida ne, mai gonaki da filaye masu yawa a Caithness, gidan kakanninsa kuma a Thurso yake. A Yaƙin Duniya na Ɗaya shi ne mataimakin Winston Churchill lokacin da Churchill ke jagorantar wata bataliya a fagen daga a 1916, abotarsu ta ɗore har tsufa. Ya ci kujerar a 1922, ya zama ministan harkokin Skotland a 1931, ya karɓi ragamar jam'iyyar Liberal a 1935. Da Churchill ya kafa gwamnatin haɗin gwiwa a 1940, sai ya danƙa masa ma'aikatar sojan sama, ya riƙe ta har aka gama yaƙi da Jamus a 1945.

To ta yaya mutum irin wannan ya faɗi zaɓe?

Nan ne labarin ya fi daɗi. Shekarun yaƙi Sinclair na Landan yana fama da jiragen yaƙi, mazaɓarsa ba ta cika ganinsa ba, kuma mutanen karkara ba sa yafe wa wanda ya daina zuwa gaisuwa. A zaɓen Yulin 1945 aka ƙirga ƙuri'u: Eric Gandar Dower na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau 5,564, ɗan takarar Leba Robert McInnes 5,558, Sinclair 5,503. Wato ƙuri'a shida tsakanin na ɗaya da na biyu, 61 tsakanin na ɗaya da na uku. Shugaban jam'iyya sukutum, ministan da aka ci yaƙi da shi, ya ƙare a na uku. Tsarin kuwa shi ne wanda Najeriya ta gada a zaɓen 'yan majalisa: wanda ya fi yawan ƙuri'a, ko da ɗaya ce, shi ke da kujera, ba zagaye na biyu.

Gandar Dower ɗan kasuwar jiragen sama ne, shi ya kafa filin jirgin Aberdeen. Lokacin yaƙin neman zaɓe ya yi alkawarin zai sauka a sake zaɓe da zarar an gama yaƙi da Japan. Japan ta miƙa wuya 'yan makonni bayan fitar sakamako, shi kuwa ya yi ta jan ƙafa, ya ci gaba da zamansa har wa'adi ya ƙare. Bai sake tsayawa ba a 1950. Sinclair ya dawo neman kujerarsa a wannan shekara, ya sake shan kaye da tazarar 269. A 1952 aka ba shi sarauta, ya koma Majalisar Dattawa da laƙabin Thurso.

Jam'iyya aka fi bi a can, ko mutum?

A ganina mutum, kuma wakilai biyu sun isa hujja. David Robertson, wanda ya kayar da Sinclair a 1950, ɗan jam'iyyar riƙau ne, kuma yana cikin waɗanda suka matsa har aka kafa cibiyar binciken nukiliya a Dounreay a tsakiyar shekarun 1950, abin da ya kawo wa Thurso ayyuka da baƙi. A 1959 ya raba gari da jam'iyyarsa saboda yana ganin gwamnati ta yi watsi da yankin tsaunuka, ya tsaya da ƙafarsa, kuma jama'a suka mayar da shi. Bayansa George Mackie, manomi ɗan Liberal, ya riƙe kujerar daga 1964, amma shekara biyu kawai ya yi.

Wanda ya ture shi a 1966, da tazarar ƙuri'a 64, wani matashin lauya ne ɗan Leba, Robert Maclennan. A 1981 ya sauya sheƙa zuwa sabuwar jam'iyyar SDP, wadda wasu 'yan Leba da suka ɓalle suka kafa. Yawancin 'yan majalisar da suka yi wannan tsalle sun rasa kujerunsu a zaɓen 1983, shi kuwa ko gezau. Ya shugabanci SDP daga 1987, ya sa hannu aka haɗe ta da Liberal a 1988, ya ci gaba a ƙarƙashin tutar haɗakar, wato Liberal Democrats. Tuta uku, mazaɓa ɗaya, fiye da shekara talatin. A wurin da kowa ya san kowa, mai zaɓe ya fi tuna wanda ya amsa wasiƙarsa a kan hanya ko jirgin fito fiye da launin takardar kamfe.

Me ya faru da mazaɓar a ƙarshe?

Yawan jama'a ne dai ya sake yin halinsa. A 1997 aka ƙara mata wani yanki daga kudu, aka raɗa mata sabon suna, Caithness, Sutherland da Easter Ross. Maclennan ya ci sabuwar kujerar, ya sauka a 2001. Wanda ya gaje shi John Thurso ne, jikan Archibald Sinclair. Dokar 1999 ta fitar da yawancin masu sarautar gado daga Majalisar Dattawa, shi kuma ya zama na farko a cikinsu da ya ci zaɓen Majalisar Wakilai ba tare da ya ajiye sarautarsa ba. Ya riƙe kujerar kakansa shekara 14, har guguwar jam'iyyar SNP mai neman 'yancin Skotland ta yi awon gaba da shi a 2015. Bayan shekara biyu Jamie Stone ya ƙwato wa Liberal Democrats ita, kuma ya sake ci a 2019 da 2024.