Rashin riƙe fitsari ga manya masu naƙasa da kayan da ake amfani da su

Rashin riƙe fitsari shine fitsari ya riƙa zubo wa mutum ba da son ransa ba, ko ɗigo kaɗan ne ko kuma mafitsarar ta juye gaba ɗaya. Wasu suna ce masa yoyon fitsari, amma wannan sunan an fi sanin shi da larurar da mata ke samu bayan doguwar naƙuda inda hanya ke ɓallewa tsakanin mafitsara da gaba, wannan kuwa aiki ake yi a ɗinke. Wanda ake magana a kai anan shine na baligi mai naƙasa, wanda sau da yawa mafitsarar tasa lafiyarta ƙalau, saƙon da ke tafiya tsakaninta da ƙwaƙwalwa ne ya yanke, ko kuma jikin ne baya iya kai shi banɗaki a kan lokaci.

Yadda abin yake faruwa

Mafitsarar babban mutum tana ɗaukar kamar mililita 400 zuwa 600, in ta fara cika jijiyoyi su kai labari ta laka, wato babbar jijiyar da ke cikin ƙashin baya, zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ce a riƙe ko a saki. To idan laka ta samu rauni a haɗarin mota ko faɗuwa, ko an haifi mutum da ƙashin baya a buɗe, ko shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ko ciwon suga ya daɗe yana cin jijiyoyi, wannan maganar da ake yi tsakanin sama da ƙasa sai ta rikice. Wani mafitsararsa takan matse kanta duk sanda ta ga dama ba sanarwa, wani kuma tasa sakewa take yi ta ƙi matsewa kwata-kwata, ta cika fam har ta fara tsiyaya kaɗan-kaɗan kamar tulun da ya cika ya batse. Akwai kuma wanda yana jin fitsarin sarai, matsalar kawai kafin ya sauka daga gado ya hau keke ya kwance wando abin ya riga ya wuce. Na ƙarshe shine mai zuwa da tari ko atishawa ko ɗaga jiki daga kujera zuwa kujera, saboda naman da ke riƙe bakin mafitsara ya yi laushi.

Bambance waɗannan ba ƙaramin abu bane, don wanda mafitsararsa bata juyewa duka in aka sa masa pampas kawai aka ƙyale shi, jiƙar ce aka ɓoye amma fitsarin da ya kwanta a ciki yana nan yana tara ƙwayoyin cuta, kuma matsin zai iya komawa sama ya lalata ƙoda a hankali ba tare da ya ji komai ba. Shi yasa kafin a tsaya a kan wani kaya ya kamata likitan mafitsara ko ma'aikaciyar jinya su duba yawan fitsarin da ke saura bayan mutum ya gama, da hoton sikanin ake yi kuma baya ɗaukar minti biyar.

Kayan tsotse fitsari

Waɗannan su aka fi sani. Akwai ƙaramin ƙunzugu da ake maƙala wa a cikin wando na masu ɗigo, akwai mai kama da ɗan kamfai da ake ja sama, akwai kuma babban pampas mai manne a gefe biyu, sai shimfiɗar gado ko ta kujera wadda ƙasanta leda ne. TENA da Depend da Attends suna cikin sunayen da suka yi fice wajen yin su. Abin da ke aikin a ciki wani gari ne, sodiyam poliyakirilet, yana shan ruwa ninkin nauyinsa da yawa ya koma kamar kunu mai kauri don kada jiƙar ta dawo kan fata. Audugar al'ada ta mata ba ita bace, jini aka yi ta domin shi kuma jini a hankali yake zuwa, fitsari kuwa lokaci ɗaya yake kwararowa sai ta kasa.

Wajen zaɓi, a ganina abin da ya kamata a fara dubawa shine me jikin mutum zai iya yi, ba girman fakiti ba. Wanda zai iya tsayuwa ko da dafe da bango ne mai ja sama ya fi masa, yana canzawa da kansa ba sai ya kira kowa ba. Wanda ke kwance ko yake yini a keke mai manne a gefe ya fi, ana juya shi gefe ɗaya a zare a saka sabo ba sai an tuɓe masa wando da takalmi ba. Mutane da yawa suna sayen wanda ya fi girma wai zai fi ɗauka, alhali babba yana barin kafa a cinya ne fitsarin ya bi ta nan, awon ƙugu shine girman, ƙarfin tsotsa kuma lamba ce daban da ake rubutawa a jikin ledar. Haka saka biyu ɗaya kan ɗaya baya aiki saboda na cikin bayansa leda ne, in ya cika ta gefe zai zubar, sai dai in irin wanda aka yi musamman don ƙari ne wanda ruwa ke ratsa shi. Akwai na wankewa a sake sawa, suna da amfani ga mai ɗigo kaɗan, amma mai zubar da yawa ko mai kashi tare basu cika riƙe masa ba.

Robar fitsari

Kala uku ce a taƙaice. Ta farko ta waje ce ta maza, kamar kororon roba ake saka ta a kan gaba a haɗa da jaka a ɗaure a ƙafa, ana canza ta kullum, kuma dole a auna girman don in ta matse tana ji wa fata ciwo in ta yi yawa ta zame. Ta biyu ita ce wadda ake sakawa a juye mafitsara a cire nan take, kamar duk awa 4 zuwa 6. Ludwig Guttmann, wanda ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, yana cikin waɗanda suka dage a kan wannan hanyar, sannan a 1972 likita Jack Lapides na jami'ar Mishigan a Amurka ya nuna cewa mutum zai iya yi wa kansa a gida da wanke hannu da tsabta ta yau da kullum, ba sai da kayan tiyata ba. Wannan binciken ya canza rayuwar masu raunin laka sosai, don kafin nan ciwon ƙoda na cikin manyan abubuwan da ke kashe su. Ga wanda hannunsa ke aiki ita likitoci suka fi so, tsoron farko ne kawai ke da wuya, kuma ma'aikaciyar jinya ce ke koyarwa har hannu ya faɗa.

Ta uku ita ce mai zama a ciki, wadda ake kira da sunan Frederic Foley likitan Amurka da ya ƙirƙiro ta a shekarun 1930, tana da ɗan balan-balan a baki da ake cika wa da ruwa don kada ta fito. Ta silikon tana iya kai wa sati 12 kafin a canza, wasu kuma tasu toshewa take da wuri sai an rage kwanakin. In za a daɗe da ita wani lokacin ta ƙasan cibiya ake huda a saka don a hutar da hanyar fitsari. Jakar ƙafa yawanci rabin lita take ɗauka, ta dare lita 2, kuma kullum jakar ta kasance ƙasa da mafitsara, a kula kada robar ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinya ko ta maƙale a tayar keke.

Anan akwai abin da duk mai raunin laka daga ƙashin baya na 6 na ƙirji zuwa sama, da mai kula da shi, ya zama dole su sani. In mafitsara ta cika ko roba ta toshe jini na iya hawa farat ɗaya, ga ciwon kai mai sara, ga gumi da jan fuska, hanci ya toshe. Ba a kwantar da shi, zaunar da shi ake yi a miƙe a sassauta duk abin da ya matse jiki a duba robar nan take, in jinin bai sauka ba cikin ƴan mintuna sai asibiti da gaggawa.

Fata da ruwan sha

Fatar da ta daɗe a jiƙe da fitsari laushi take yi ta yi ja ta saɓule, ga wanda baya jin ƙasan jikinsa kuma ba zafin da zai gargaɗe shi, daga nan gyambon kwanciya ke samun hanya a ɗuwawu da ƙashin gindi. Don haka a duk canji a wanke da ruwan ɗumi ko abin goge fata marar turare, a danna da tawul ba gurzawa ba, a shafa man kariya mai sinadarin zink siriri, in aka lafta shi da yawa toshe fuskar pampas ɗin yake ya hana shi sha. Hoda ma haka. In kashi ya fita kuwa ba jira, nan take ake canzawa. Wanda ke kula da kansa ya riƙa duba bayansa da madubi safe da dare.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shine rage shan ruwa don fitsarin ya ragu, kuma ana gane dalili, wa zai so ya jiƙe a cikin mutane, amma fitsarin da ya yi kauri ya fi zarni, ya fi ƙona mafitsara, ya fi toshe roba, sannan bayan gida ya bushe ya danne mafitsarar abin ya ƙaru. Gara a sha da rana a rage dab da kwanciya, a kuma rage abin sha mai sinadarin kafeyin kamar kofi da shayi, da kuma giya. Zarni ko gurɓacewar fitsari kaɗai ba dalilin shan maganin kashe ƙwayoyin cuta bane ga mai roba, don kusan duk wanda ya daɗe da ita za a ga ƙwayoyi a fitsarinsa, abin da ke sa a nemi likita shine zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon kwiɓi, jini a fitsari, ruɗewa, ko ƙafafu su fara fizga fiye da yadda suka saba, ko kuma a ga awanni sun wuce jakar bata tara komai ba.